Baragurbi a Gidan Kafinta

Rana ta gama jan jiki ta faɗa bayan gidaje, hayaƙin girki ya kwanta a tsakar gida, lokacin da dutsen farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Yaya tana tsugune bakin famfo tana wanke tukunya. Ta ɗaga kai, ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyu ya gangaro ya tsaya daidai ƙafarta. Fari ne sumul, girmansa bai wuce ƙwan tattabara ba, kuma da ta taɓa shi sai ta ji shi da ɗumi kamar yanzu aka tashi daga kansa. Ta yi maza ta tura shi cikin magudanar ruwa, ba ta gaya wa kowa ba.

Gidan na wani kafinta ne mai 'ya'ya mata biyu da tattabaru rututu. A bayan gida ya gina musu ɗaki, ya jera akwatunan sheƙa da hannunsa, kowanne an goge shi an yi masa 'yar ƙofa, alhali ƙofar ɗakin girkin matarsa ta daɗe tana lilo a kan ƙusa ɗaya. Babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Yaya, ita ce ta wanki da shara da girki. Auta kuwa ita ce ta tattabaru. Da ya dawo daga shago, tun bai kakkaɓe garin katako daga rigarsa ba, sai a ji ya ce, "Ina Autata? Ɗauko tocila." Su shige su biyu, ya riƙa ɗaga ƙwai a gaban haske yana nuna mata jajayen jijiyoyin da ke nuna akwai rai a ciki. Yaya tana jin dariyarsu ta jikin bango. Sau ɗaya ta taɓa leƙawa, ya ce mata, ko juyowa bai yi ba, "Koma, hannunki da nauyi, za ki firgita su."

Maganar nan ta zauna mata a ƙirji ta ƙi wucewa. Kishi ne, babu wani sunan da za a ba shi. So take yi ubanta ya kira ta ita ma, ko sau ɗaya, da irin muryar da yake kiran ƙanwarta. Da hakan ya gagara, sai ta nemi ta kashe dariyar. Ta lura namijin tattabara ne ke kwanci da rana, macen ta karɓe shi da yamma, a daidai lokacin da Baba bai dawo ba, Auta kuma tana makarantar yamma. Sai ta riƙa sulalewa ta shiga, ta zare ƙwai ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza shi da ƙarfi a kusa da kunnenta har ta ji cikinsa ya koma ruwa, ta mayar. Ba tsaga, ba tabo.

Tattabarun suka yi ta kwanci a banza. Lokacin ƙyanƙyasa ya zo ya wuce, babu ɗan shila ko ɗaya, sai baragurbi mai wari. Kafinta ya zargi ɓera, ya zargi damshi, ya sauya ciyawar sheƙa, ya raba ma'aurata ya sake haɗa su. Auta ta yi ta kuka, shi kuma ya yi ta rarrashinta, ya ƙara janta a jiki. Yaya ta ga ribar aikinta ke nan, haushi ya sa ta ƙara ƙaimi.

Bayan dutsen farko, kowace magariba sai an yi jifa. Duwatsun iri ɗaya ne, farare masu ɗumi, kuma bibiyu suke saukowa. Aka hau rufi, aka zagaya lungu, ba a ga kowa ba. Sannan aka fara jin kukan tattabara daga cikin bangon ɗakin kwana, inda ko ƙadangare ba shi da hanya. Gidan ya yi tsit. Inna, matar kafintan, ta daina aiken kowa bayan gida idan rana ta yi ja.

Wata yamma aka nemi Auta aka rasa. A ɗakin tattabaru aka same ta, durƙushe a lungu, ta tara duwatsun a ƙarƙashin cikinta ta lulluɓe su da hannuwa. Da ubanta ya taɓa kafaɗarta, ta juyo da wuya kamar tsuntsu, ta yi wani kuka daga maƙogwaro wanda ba na mutum ba. Kafinta ya fita da gudu babu takalmi. Yaya tana tsaye bakin ƙofa, abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne: ko aljani da ya tashi shiga gidan nan, Auta ya zaɓa. Kunya ta kama ta, tunanin kuma bai tafi ba.

Malamin da aka kawo tsoho ne mai maganar ƙasa-ƙasa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da yarinyar. Ya dafa goshinta ya fara karatu. Duhu yana sauka a hankali, tattabaru sun yi shiru gaba ɗaya. Can jikin Auta ya sandare, bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Ke wace ce, me kike nema a nan?"

"Na riga tattabarun nan zama a lungun can. Ba ni da ɗa, ban taɓa samu ba. 'Yan shilar nan nake raino. Nakan kasa kunne in ji ɗan bakinsu yana ƙwanƙwasa ɓawo. Yanzu in na saurara, sai in ji ruwa. Hannu ke zuwa yana girgiza su."

Kafinta ya ɗago kai da sauri.

"Hannun yarinyar nan ne?" in ji Malam.

"Wannan? Hannunta kamar auduga."

"To don me kika zalunce ta?"

Muryar ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Wurin mai laifin na fara zuwa. Na tarar babu masaka tsinke, abin da ke cikinta ya fi ni zafi. Kuma da ita na kama, wa zai fita ba takalmi ya kira ka?"

Malam ya ce da sauri, "Ban tambaye ki suna ba, kada ki faɗa." Ba ta faɗa ba. Idanun Auta ne kawai suka juya a hankali, suka wuce Inna, suka wuce Baba, suka tsaya a bakin famfo inda Yaya take.

"Zan zauna a jikinta har sai an ƙyanƙyashe," in ji muryar.

"Ba za ki kwana a jikinta ba." Ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya, har ta fara magiya.

"Zan fita! Amma hannun da ya kashe, shi zai raya. Ita za ta share, ita za ta zuba tsaba, ita za ta yi gadi har in ji kukan 'yan shila. In na sake jin ruwa, zan dawo."

"Jifa fa?"

"Na daina."

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta buɗe ido ta ce, "Baba." Ya sungume ta kamar jaririya ya kai ta ɗaki. Ya fito ya raka Malam har titi, ya daɗe bai dawo ba.

Yaya ta jira shi a tsakiyar tsakar gida. Ta shirya wa mari, ta shirya wa zagi, har ma tana fatan su, domin mai marinka dole ya tsaya a gabanka. Da ya shigo ta matsa ta tare hanyarsa, ta ce, "Baba."

Ya ratse ta gefenta kamar yadda ake kauce wa turmi. Ya tsaya a gaban matarsa, ya ce a hankali, "Ki gaya wa 'yarki, daga gobe ita za ta riƙa shiga ɗakin tattabaru."