Sallamar da Iyafis Ya Cinye

A motar Mashi zuwa Daura Jafaru mai gyaran babur ya fara ganin Zaituna. Tana ta dariya ita kaɗai, igiyar iyafis ta sulalo daga hijabinta zuwa waya. Shi kuwa Jafaru bai iya ganin abu ya yi shiru ba.

"Malama, a sam mana dariyar mana."

Ta harare shi, sannan ta nuna masa wayar. "Fodkas ne. Kamar rediyo, sai dai kai ke zaɓar mai yi maka hira. Suna da rumbu a intanet. Ka rubuta abin da kake so, su jeru kamar rumfunan kasuwa."

"In na rubuta sunanki fa?"

"Datarka ba za ta kai ba."

To, ta kai. Kafin su sauka ya samu suna, ya samu lamba, ya kuma samu ciwon toshe kunne da iyafis.

Wannan ciwon ne ya kayar da shi. Ranar da ya fara zuwa zance, mahaifinta Alhaji Sada, dillalin shanu, yana zaune a ƙofar gida. Jafaru ya wuce shi da iyafis a kunne. Dattijon ne ma ya yi masa sallama, shi kuwa bai ji ba, yana ta ƙyalƙyala dariya.

Da yamma saƙon Zaituna ya shigo: "Kurmana, Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba ya amsa sallama ba. Ga Mahdi ɗan maƙwabcinmu, tun daga bakin layi yake durƙusawa, har shanu yake gaisarwa."

Ya rubuta: "Zaitunata, ko abinci ya ƙi shiga. Me Baba ke so a duniya?"

"Shanu. Sai rediyonsa, shi kuma ya mutu."

Jafaru ya shiga rumbun nan. Ya rubuta "shanu", aka jero masa Turawa. Ya rubuta "kiwo", sai ga wani Bahaushen Nijar da ke hira kan turkar bijimai. Ya sauke duka ya tura wa Zaituna, ta zuba wa Baba a waya, ta maƙala masa iyafis.

Ba a jima ba Jafaru ya tura baffansa Malam Mati da dattawa su ba da haƙuri. Suka iske Alhaji a tabarma. Suka yi sallama, shiru. Suka ƙara, shiru. Sai Alhaji ya ɗago yatsa daidai farin gemun Malam Mati, ya ce da ƙarfi, "Kai yaro, ba ka taɓa kiwo ba. Wa ya ce maka haka ake jiƙa dusa?"

Da ya ankara, ya zare iyafis ɗin daga kunne a hankali, ya daɗe yana kallonsa.

"Tun yaushe kuke tsaye?"

"Mun ɗan jima, Alhaji."

"Ku zauna. Ashe yaron naku ba shi da laifi."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Jafaru ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, kunnuwa a buɗe. Alhaji ya dafa kansa.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai amsa sallama." Ya sunkuyo, ya rage murya. "Ɗana, na shanun ya ƙare. A duba mini ko akwai na raguna."