Katin Hamisu da Bikin Inna Delu

"Nuna mini shi in gani," in ji Sakina, ta miƙa hannu tun bai kashe babur ba.

Hamisu ya zaro katin bankin daga aljihun gaba, inda yake naɗe cikin leda kamar laya. A bakin tabkin Madarumfa suke, gefen garkar mahaifinta, rana ta yi sanyi. Ta juya katin gaba da baya, ta taɓe baki.

"Wanga ɗan abu ne ya cinye mini awaki?"

"Bai cinye ba, sanyin idona. Kuɗɗin awakinki garanti ne, suna can banki ajiye. Ni ko in zuba ma babur esansi, wato fetur, da katin, ƙarshen wata in biya. In na cika shekara ban saɓa ba..."

"Sai su wanke sunanka."

"Su wanke sunana, su ba ni takarda, in kawo ma Baba. Daga nan sai ke."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, shi kuma daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa hannunsa.

Labarin ba ɓoyayye ba ne a Madarumfa. Shekarun baya Hamisu ya ci bashin wani asusun ba da lamuni, ya yi lodin tumatir da tattasai zai kai Jibiya, aka wayi gari an rufe iyaka, kaya suka ruɓe cikin mota. Wanda ya tsaya masa a wajen asusun kuwa Malam Bala ne, mahaifin Sakina, da injin ban-ruwansa. Injin ya tafi. Har yau da guga dattijon yake shayar da garka. Sunan Hamisu kuma ya ɓaci a wajen bankuna, duk inda ya shiga sai a duba na'ura a ba shi haƙuri.

Malam Bala bai zage shi ba, da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Randa banki ya yarda da kai, ni ma na yarda. Kahin nan ɗiyata tana gidana."

Sakina ce ta sayar da awakinta kaf, ba da sanin uban ba, aka samu wani banki a Maraɗi ya yarda ya gwada shi da wannan kati.

Ya kuwa riƙe. Kabu-kabu yake yi tsakanin Madarumfa da Maraɗi, ya daina shan shayin majalisa, ya daina ɗinkin sallah. Duk ƙarshen wata Sakina za ta kira shi, ko gaisuwa babu.

"Ka biya?"

"Na biya, ranki shi daɗe."

"To yanzu ina kwana, masoyi."

Shekara ta kusa cika lokacin da mahaifiyarsa, Inna Delu, ta kira shi ɗakinta.

Ƙawarta Hajiya Hafsatu za ta aurar da ɗiya. Lokacin auren Fiddausi, ƙanwar Hamisu, Hajiya ta kawo biki mai nauyi. A ƙa'idar mata kuwa, abin da aka kawo miki ninkinsa kike mayarwa ranar hidimar mai shi, a tsakar gida, a ɗaga murya a faɗa kowa ya ji. Wadda ta kasa, ta shiga bakin duniya.

"An ce wannan katin naka shina hidda kuɗɗi daga bango," in ji Inna.

"Inna, ba nawa ba ne. Bashi ne. Ƙarshen wata ake biya."

"To biki mi ne ne in ba bashi ba? Randa za ka auri Sakina, Hafsatu za ta maido mini ninki, sauran mata ma haka. Sai ka kai ma banki nasu har da tukuici."

"Banki ba shi jiran aure, Inna."

"Mutane ne ko aljannu? Ka tahi ka yi musu bayani."

"Don Allah ki yi haƙuri... Saura kaɗan. In na ɓata wanga karon, na rasa ta."

Inna ta kafe shi da ido. Ita ba muguwa ba ce, ko kuma ba ta san ita muguwa ce ba, wanda ya fi muni. Ta dafa ƙirjinta.

"Ɗiyar wani ta hi ni ke nan. Ni in zauna cikin mata a kira sunana in sunkuyar da kai, don kai kana tattalin leda. Hamisu, kar ka bari in ɗaga maka abin da ka sha."

Ba ɗan da zai ji wannan daga bakin uwarsa ya iya yi mata musu.

Washegari ya hau babur zuwa Maraɗi. Ya tsaya gaban injin bankin yana zufa, ya kwashe duk abin da katin zai iya bayarwa. Kafin ya iso gida ya kira lambar Sakina, ta ɗauka, ya ce gaisuwa ce kawai.

Ranar bikin aka kira sunan Inna Delu, aka faɗi abin da ta ajiye, tsakar gida ta ɗauki guɗa. Ta dawo tana taku ɗaiɗai, ta ce masa Allah Ya yi masa albarka. Albarkar ta shige shi kamar ƙaya.

Ƙarshen wata ya zo. Abin da ya tara bai kai ko rabi ba, ga damina ta sauka, hanya ta yi laka, fasinja ya yi wuya. Wata na biyu ruwan bashi ya hau. Ya je ya zauna gaban ma'aikacin bankin, ya yi masa bayanin biki tiryan-tiryan kamar yadda Inna ta ce.

Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya kira shi da laƙabin girmamawa na Faransanci. "To, Mushe Hamisu, yaushe ne auren?"

"In kun ba ni takardar."

"Takardar kuma sai ka biya."

"Biyan kuma sai an yi auren..."

Da ya ji maganar da kunnensa sai kunya ta rufe shi. Aka toshe katin, aka cire bashin daga garantin, aka mayar da sunansa inda aka ɗauko shi.

Bai gaya wa Sakina ba. Ba ta kuma kira ta tambaya ko ya biya ba, wannan ya fi komai tayar masa da hankali. Da ya kasa daurewa ya same ta a garka tana tsinkar yakuwa. Can gefe Malam Bala yana duƙe yana jan guga.

"Sakina..."

"Ina wurin, Hamisu. Ina tsakar gidan Hajiya sa'ad da anka yi ma Inna guɗa." Ba ta ɗago ba. "Na ji adadin, na ce a raina, ga awakina can ana ma guɗa."

"Uwata ce. Ta ce za ta..."

"Na sani. Ban ce ka saɓa mata ba. Amma ka kira ni ran nan, ka ce gaisuwa ce. Da ka hwaɗa mini, da na saida 'yan kunnena, da na roƙi ƙawayena, da mun biya tare. Sai ka gaishe ni."

"Tsoro na ji, sanyin idona."

"Kar ka sake ce mini haka." Yanzu ta ɗago, idanunta jawur amma babu hawaye. "Dubi bayan tsohon can. Kai ka lanƙwasa shi. Na ɓoye mashi zancen awaki don ina jiran randa zan ce, Baba ka gani, ban yi kuskure ba. Jiya na gaya mashi. Ka san mi ya ce?"

Hamisu ya girgiza kai.

"Bai ce komi ba. Guga ya ɗauka."

"Ki ƙara mini shekara guda. Wallahi..."

"Shekara guda, sannan wata ƙawar Inna ta yi suna. Ina sonka, Hamisu, Allah shaida. Amma ba mu da sauran abin da za ka ci."

Ta ɗauki kwandonta ta wuce. Ya tsaya yana jin ƙarar guga yana faɗawa ruwa, ya yi kuka kamar yaro, dattijon ko waiwaye bai yi ba.

Bayan kaka aka sa ranar Sakina da Anas, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a Safo. Ba wanda ya tilasta mata, ita ta ce ta amince. Hamisu ya rame, ya koma ba ya bin hanyar tabki ko fasinja zai ninka masa kuɗi.

Ana saura kwanaki kaɗan Inna Delu ta leƙo inda yake wanke babur, tana gyara ɗaurin kallabi.

"Hamisu, ka san Larai, uwar Sakina, ta kawo mini biki a auren Fiddausi. Ga shi yanzu za ta aurar da tata ɗiya, dole in mayar." Ta ɗan sassauta murya. "Wannan katin... akwai saura ciki?"

Ya dube ta, ruwa na ɗiga daga tsumman da ke hannunsa. Sannan ya goge hannu, ya zaro katin, har yanzu naɗe cikin ledarsa, ya sa mata a tafin hannu ya rufe da yatsunta.

"Ki kai mata wanga, Inna. Ki ce a ɗaga murya a hwaɗa ma mata: gidanmu ya ci injin uban, ya ci awakin ɗiyar. Ninki ya cika."