Buhun Albasa a Lungun Tsira

Ranar da Injiniya ta fara haɗuwa da shi, ƙafafunsa ta fara gani kafin fuskarsa. Ya miƙe su a kan teburin tuƙi na sabon kan jirgin ƙasan da ta sha wahalar zana ɗakin direbansa, ko takalmi bai cire ba, yana ɓare gyaɗa yana tara ɓawon a murfin fulas.

Ta ƙarasa hawa matakalar, ta gyara hular kwanonta, ta haɗe rai.

"Malam, sauke ƙafarka."

Ya juyo ya dube ta, ya sauke ƙafa ɗaya ya bar ɗayar. "Ke ce injiniyar? Alhamdulillahi, dama ke nake nema. Wa ya aike ki ki kafa mana wannan ƙaton ginshiƙin a gefen gilashi? Ya tare min rabin duniya."

"Ginshiƙin da ya tare maka rabin duniya shi zai hana tirela shigo maka har kan cinya."

Ta yi masa bayanin da take yi wa kowane direba. Hancin jirgin an yi shi ne don ya lotse idan an yi karo, ya shanye ƙarfin dukan kafin ya iso wurin mutane. Ginshiƙan nan biyu su ke riƙe ɗakin kada ya rufta. Sannan ta nuna masa bayan kujeru, inda aka bar wani lungu mai fentin rawaya, an lulluɓe bangonsa da soso mai kauri.

"Wannan shi ne lungun tsira. In ka ga karo ba makawa, ka ja burki, kai da mataimakinka ku faɗa nan ku kwanta. Ban da tsalle ta ƙofa irin na mutanen da."

Ya leƙa lungun, ya shafa keya. "Au, na mutane ne? Ni na ɗauka ma'ajiyar kaya ce. Har addu'a na yi miki."

Sai a lokacin ta lura da jakarsa da kwanon abincinsa da silifas ɗinsa, an jera su a ciki tsaf. Ta kwaso su ta dire masa a cinya, ta sauka tana huci. Ta ji shi yana ce wa mataimakinsa, wani dattijo da duk garejin ke kira Kawu, "Wallahi faɗa yana yi mata kyau."

Daga ranar bai ƙara barin ta ta sha ruwa da daɗi ba. Kullum yana ƙofar ofishinta da sabon ƙorafi. Yau kujera ta yi tauri, gobe madubi ya karkace, jibi kuma wai fankar ɗakin tana kallon Kawu ta ƙyale shi. Da ta ba shi lambarta saboda aiki, ta adana tasa da sunan Ciwon Kai.

Saƙonsa na farko ya shigo tana tsakiyar duba walda.

"Injiniyata, na iso lafiya. Ginshiƙinki yana gaishe ki. Duk sanda ya tare min hanya sai in tuna ki, kin ga kenan wuni nake ina tuna ki."

Ta rubuta: "Ka cire kayanka daga lungu?"

"Na cire. Zuciyata ce kawai na ajiye a ciki, ita kuma ba ta cin wuri."

Ta ja tsaki, ta kife wayar. Abin haushin shi ne mai waldar da ke gabanta ya ɗaga gilashin fuskarsa ya tambaye ta murmushin me take yi.

So ya shige ta ba ta shirya ba, kuma ta fi kowa sanin inda zai kai ta. Marigayi mahaifinta direban jirgin ƙasa ne. Tana ƙarama aka yi karo da shi a tsohon kan jirgi, irin wanda tsakanin direba da abin da ke tahowa ba komai sai falle ɗaya na ƙarfe. Abin da ya kai ta karatun injiniya kenan. Shi ne kuma ya sa Umma har yau in ta jiyo kukan jirgi daga nesa sai ta tashi ta rufe taga.

Da ta gaya mata zancensa, Umma ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba.

"Direban me?"

"Jirgin ƙasa, Umma."

"Na ba jirgi mutum ɗaya, ba zan zauna in ga kin ba shi na biyu ba. Ga ɗan ƙawata mai kemis nan, daga safe har yamma yana zaune a kujera ɗaya, abin da zai faɗo masa bai wuce kwalin magani ba."

"Umma, jiragen yanzu ba irin na da ba ne. Ni na zana..."

"Takarda kika zana. Ni gawa aka kawo min."

Mai kemis kuwa mutumin kirki ne, ba shi da aibu ko ɗaya, sai dai in ya zo zance rabin hirar a kan hawan jini take ƙarewa. Injiniya takan zauna tana gyaɗa kai, wayarta na motsi a cikin mayafi.

Da Ciwon Kai ya ji hukuncin Umma, sai ya nemi shawarar Kawu, shi kuwa Kawu ya ce zuciyar uwa ta ƙofar kicin ake shigarta. Layin da suke bi yana ratsa garuruwan manoma, kaya a can araha. Aka fara aiko wa Umma albasa. Ta mayar. Aka aiko dankali, ta raba wa maƙwabta. Aka aiko ƙwai, ta ce a ajiye kada su fashe a hanyar komawa. Sannu a hankali Injiniya ta ga albasar direba tana shiga tukunya.

Ta ji daɗi har ranta. Bai taɓa faɗo mata ta tambayi inda yake ɗora kayan ba, sai ranar da ta hau kan jirginsa duba na yau da kullum, warin albasa ya tare ta tun daga matakala.

Lungun tsira ya cika maƙil. Buhun albasa a ƙasa, buhun dankali a kai, kiret ɗin ƙwai a can sama an ɗaure da igiya a jikin ƙarfen da aka sa don mutum ya riƙe. Ko kyanwa ba za ta samu wurin kwanciya ba.

"Mene ne wannan?"

"Na Umma ne," ya ce yana washe baki. "Kin ga soson nan? Ƙwai ko ɗaya bai taɓa fashewa ba. Aikinki yana da kyau, Injiniyata."

Ta yi faɗa kamar ta ari baki, ta ce masa ta yi shekaru tana rigima da manya kafin su yarda a bar wurin nan fanko, shi kuma ya zo ya mai da shi rumbu. Ya ce ai bai taɓa karo ba. Ta ce mahaifinta ma bai taɓa ba sai ranar da ya yi. Kawu ya sulale ya sauka, wai zai duba mai.

Ta kai rahotonsa da kanta. Aka dakatar da shi na ɗan lokaci, aka kuma karanta laifinsa a gaban direbobi, har wasu suka laƙaba masa Sarkin Albasa.

Da yamma ya zo layinsu don su yi magana, ya tarar da motar mai kemis a ƙofar gida, ya juya. Saƙo ya shigo.

"Da kin faɗa min kin zaɓi mai magani, da na janye da mutuncina. Ba sai kin tozarta ni a wurin aiki ba."

Ta rubuta: "Na fi son ka ji haushina kana numfashi."

Bai amsa ba. Ta wuni tana duba wayar tana jan tsaki, ba ta san wa ta fi jin haushi ba, shi ko kanta.

Umma ce ta fara gajiya da shirun. Wata safiya tana laluben kwandon albasa ta ce, kamar ba da gayya ba, "Yaron nan lafiya kuwa? Na ga ƙafarsa ta ɗauke."

Injiniya da ke cike tun tuni ta fashe. Ta zayyana mata komai, lungun da soson da buhunan da ƙwan. Umma ta ajiye wuƙar hannunta a hankali.

"Kina nufin akwai wurin da mutum zai ɓuya?"

"Akwai."

"Shi ne ya zuba albasa a ciki? Albasar da na ci?"

Umma ta ture kwandon albasar gefe, sannan ta ce, "Kira min shi."

Ya zo cikin manyan kaya, ya durƙusa a bakin ƙofar falo, yana tsammanin sallama ce ta ƙarshe. Umma ba ta bari ya gama gaisuwa ba.

"Kai wane irin sakarai ne? Uban yarinyar nan ya ga mutuwa tana tahowa, ya waiga bai samu inda zai sa kansa ba. Kai an gina maka wuri, an shimfiɗa maka soso, ka kwantar da dankali a ciki? In aka kawo min labarinka, da wane baki zan ce albasata ce ta tare maka hanya?"

"Umma, ki yi haƙuri, don in faranta miki ne..."

"Rufe min baki! Ko tsinke ka ƙara sawa a wurin nan, ban yafe ba."

Ta wanke shi tas, ya fita yana share gumi. A ƙofar gida ya dubi Injiniya ya ce da ƙaramar murya, "Kin ji? Sakarai ta ce min. Ai uwa ba ta zagin ɗan wani haka." Ta harare shi, ta ce mai kemis kuma maganin ƙafar Umma ya kawo ranar, in yana son sani.

Ya koma aiki. Kullum kafin ya tashi sai ya turo mata hoton lungun fanko, da rubutu a ƙasa: "Ɗakin baƙo a share yake, Injiniyata." Umma dai ba ta ce ta yarda ba, tagar ma ba ta daina rufewa ba.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ne, tana ofis. Wayarta ta yi ƙara, ta ga lambar Kawu. Ta ɗauka.

"'Yata, kada ki tsorata. Tirelar siminti ce ta mutu a kan layi, direbanta ya fice ya bar ta. Muna raye, mu duka."

A asibiti ta same shi da hannu a naɗe da ɗinki a goshi. Kawu, wanda ko ƙwarzane bai yi ba, ya ba ta labari. Shi da ya ga tirelar ƙofa ya nufa zai yi tsalle, kamar yadda aka koya musu tun suna samari. Yaron nan ya ja burki, ya fizgo shi ta wuyan riga, suka zube a lungu ya danne shi.

Ta tsaya a bakin gadon, hawaye na zuba, ta ce, "Ciwon Kai kawai."

"Ginshiƙinki ya tare min rabin duniya," ya ce, "ɗaya rabin kuma ga shi ina kallo."

Washegari Umma ta ɗauki mayafi ta ce a kai ta ta ga jirgin. Matar da ba ta ƙara taka garejin ba tun rasuwar mijinta, ta tsaya a gaban kan jirgin da aka jawo. Hancinsa ya lotse kamar gwangwanin da mota ta taka, siminti ya yi masa fari fat.

"Ke da kika ce yana da ƙarfi?"

"Nan ɗin dama don ya lotse aka yi shi, Umma. Zo ki ga ciki."

Injiniya ta riƙe ta suka hau. Gilashi ya tarwatse, teburin tuƙi ya tsage, amma ginshiƙan suna tsaye. Umma ta sunkuya ta shafa soson lungun, inda har yanzu akwai shatin kafaɗar mutum. Ta daɗe a haka, ta goge ido da bakin mayafi.

"Da babanki ya samu irin wannan," ta ce, ba ta ƙarasa ba. Ta miƙe. "Ki ce ya turo manyansa. Amma da sharaɗi: duk ranar da zai shigo gidana daga aiki, hannu rabbana zai shigo."

Aka ɗaura aure bayan an kwance masa hannu. Direbobi suka cika layin, Kawu a gaba, mai kemis ma ya zo ya yi musu fatan alheri ya kuma ja wa ango kunne a kan gishiri. Abokan ango suka so tsokana, suka turo buhun albasa a baro har ƙofar gida, Umma ta leƙo ta tambayi ta inda aka ɗauko shi, sai da suka rantse a kasuwa suka saya sannan ta bari aka shigar.

Da ango da amarya suka durƙusa sallama, Umma ta kama hannayensa biyu, ta juya su ta ga ba komai a ciki, sannan ta ɗora hannun 'yarta a kai.

"Ga abin da za ka riƙe. Allah ya yi muku albarka, ya kai ka lafiya ya dawo mata da kai lafiya."

Daga nesa jirgin yamma ya yi kuka. Injiniya ta dubi tagar falon, tana jira. Umma ta ce a bar ta a buɗe, ɗakin ya yi zafi.