Tafinta Ta Gaji

“Kaka cewa ta yi… ka sha hanya, sannu da zuwa.”

Ƙarya Pei-shan ta yi. Abin da kakarta ta faɗa da harshen Hakka shi ne: “Wannan ɗan bakin tekun bai gaji da zarya ba?”

Futing ya sunkuyar da kai, bawan Allah, har da murmushi. Shekara biyu ke nan yana tahowa daga garinsu Taitung na bakin teku zuwa Meinong, garin su Pei-shan, neman aurenta, ita kuma tana tsaye a tsakani, tana karɓar zagi da Hakka tana miƙa masa yabo da Mandarin, harshen da ita da shi suke ji. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ga shi ta rantse ba za ta yi aure ba sai da albarkar tsohuwar da ta raine ta.

Yau kuwa ita ce ranar ƙarshe, ko a ba shi ko a hana shi. Futing ya zo da tasa kakar, Dongi, ’yar ƙabilar Amis, wadda ta ajiye ƙullin betel, goronsu na neman aure, a kan tebur. Ba wanda ya taɓa shi.

Gwaggo Li-chu, mai son haɗa Pei-shan da ɗan mai shagon magani, ta matsa kusa da Kaka.

“Inna, gidan da ba a jin bakinki, in kin je wa za ki yi wa magana? Bango?”

“Me ta ce, masoyiyata?” Futing ya tambaya ƙasa-ƙasa.

Pei-shan ta buɗe baki. Za ta sake juya Hakka zuwa Mandarin, shi ya juya wa kakarsa zuwa Amis, amsa ta biyo hanya ta dawo…

“Na gaji, Futing!” ta ce. “Ba zan ƙara fassara ko kalma ɗaya ba. Abin da zai faru ya faru.”



Kaka ta ɗauki butar shayi, sai ruwan zafi ya zubo mata a yatsa. Dongi ta yi wuf ta riƙe hannun, wata magana ta suɓuce mata. Ba Amis ba ce, ba Mandarin ba.

Kaka ta dube ta da mamaki. Sai ta amsa, a hankali, kamar mai buɗe tsohuwar adaka.

Japananci ne, harshen da aka tilasta musu a makaranta suna yara, zamanin mulkin mallaka. Pei-shan ba ta taɓa jin sa a bakin kakarta ba.

Sai hira ta ɓarke. Dongi ta nuna tafin hannunta tana kwatanta bulalar malami, Kaka ta nuna nata. Suka yi dariya, suka share ƙwalla. Gwaggo sai rarraba ido take, an bar ta a tasha.

Pei-shan ta jingina da bango. Ana yanke hukuncin rayuwarta da harshen da ba ta ji, amma rabonta da hutu irin wannan har ta manta.

Can Kaka ta juyo, fuska a murtuke.

“Ke, munafuka! Wai yaron nan gaya wa kakarsa yake ina yabonsa. Ashe duk zagin da nake yi, shekara biyu, a cikinki yake tsayawa?”

“Kaka, ki yafe ni…”

“Asarar yawuna kawai!” Tsohuwar ta jawo ƙullin goron, ta ɗauki ɗaya. “An dake ni don na yi Hakka, an dake ta don ta yi Amis. Ba zan zama bulala ta uku ba. ’Ya’yanku dai su iya gaishe mu, kowa da bakinta. Gaya masa na ba shi. Kuma kar ki sa masa sukari!”

Futing ya kamo gefen rigarta.

“Pei-shan, rabin raina, me ta ce?”

Ta dube shi, hawaye na zuba, ta nuna masa bakin Kaka da ke tauna goron.

“Yau dai ka fassara da kanka.”