Baƙar Kazar Kaka Altine

Ranar da Zalihatu ta fara ganin Mushe Félix, dambu take sayarwa a ƙofar lekol, wato makarantar mishan ta Dogon Dutsi, shekara uku ke nan da samun mulkin kai. Ya fito daga aji da farin alli har a gira, dogo siriri, wuyan rigarsa ya sha ɗinki. Ya sayi dambu, ya kai loma ɗaya, sai ya tsaya yana dubanta.

"Wa ya haɗa wannan?"

"Ni ce, Mushe. Kakata ta koya mani."

"To ki gaishe ta. Tun da na baro Dumega ban ci abin da ya tuna mani gida ba sai yau."

Ta sunkuyar da kai tana ta gyaran faifan da ba abin da ya same shi. Daga ranar nan malamin nan bai sake fashin dambu ba. Da aka buɗe ajin manya na la'asar kuwa, yarinyar da ba ta taɓa damuwa da boko ba ita ce ta fara shimfiɗa tabarma a gaba.

Albashin Mushe bai taka kara ya karya ba, don haka toshinsa duk aikin hannu ne. Ya fafe katako ya shafe shi da gawayi ya yi mata allo. Ya yanka gwangwanin tumatir ya yi mata 'yar fitila mai mariƙi. Ita kuma ta saƙa masa faifai na kaba, ja da kore, ta sa harafin farko na sunansa a tsakiya, sai dai ta juya shi baibai. Ya yi dariya har da hawaye, ya rataye shi a bangon ɗakinsa a hakan.

"Zalina," in ji shi, "ko kumandan mai mulkin gari ba ya da irin wannan."

"Ba'a kake mani, Mushe."

"Har yanzu Mushe? Ki ce Félix mana."

Ba ta ce ba. Amma a hanyar gida ta faɗi sunan a ranta ya fi a ƙirga.

Gidansu Zalihatu gidan azna ne, na ubanta Baba Rabo manomi da tsohuwarsa Kaka Altine, wadda ta raini yarinyar tun rasuwar uwarta. Nama a gidan nan sai shekara ta kewayo. Amma Kaka tana da hannu, wallahi. Ta jiƙa daddawar batso, ta daka ƙuli-ƙuli da tonka, ta kaɗa miyar kuka, sai maƙwabta su riƙa leƙe suna tambayar wa ya yi baƙo. Wake kaɗan da yakuwa da gujiya sun ishe ta ta cika cikin gida duka.

Akwai kaza ɗaya a gidan, baƙa wuluk, ba ɗigon fari. Ta Doguwa ce, iskar da ke tsaron gidan. Ba a yanka ta, ba a sayarwa, ko ƙwanta ba a taɓawa. Irinta Kaka ta gada daga uwarta: in wadda ke nan ta tsufa, sai baƙar ɗiyarta ta gaje ta. A shekarar nan shaho ya kwashe tsakin duka, saura ita kaɗai.

To, sai ga Odette. Ɗiyar wani ma'aikacin gwamnati ce, mai takalmin kanti, ita ma idonta yana kan Mushe. A bakin rijiya ta dubi Zalihatu sama da ƙasa, ta ce a gaban mata:

"Jiya na aika wa Mushe miya, nama har ya hana ludayi shiga. Ke mi kike kai mashi, ƙawata? Ganye? Mai ilimi ai ba akuya ba ne."

Mata suka kwashe da dariya. Zalihatu ta ɗauki tulunta ta nufi gida, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Karon farko ke nan a rayuwarta da ta dubi tukunyar Kaka ta ji kunya.

Ranar Juma'a Baba da Kaka suka tafi kasuwa. Ta zauna ita kaɗai, kaza tana tono a gindin rumbu. Ta dube ta, ta kau da kai, ta sake duba. Ta ce a ranta za a ce shaho ne. Kai, jama'a, soyayya ba ta bar yarinyar nan da hankali ba! Ta kama kazar ta yanka ta a bayan rumbu, ta binne gashin cikin juji, ta soya da ɗan man gujiyar da ya rage, ta rufe kwano da faifai ta nufi lekol.

Félix ya buɗe kwanon a ƙofar ɗakinsa, sai murmushinsa ya rage.

"Ayya, Zalina. Yau Juma'a ce, kuma muna cikin azuminmu na kwana arba'in. Mu ba mu cin nama yau. Da dambunki kika kawo, da har kwanon zan lashe."

"Ba ka ci?" in ji ta.

"Kada ki damu, ba zai lalace ba. Baba Gado!"

Tsohon mai gadin lekol ya taso ya karɓi kwanon hannu biyu yana shi albarka. Zalihatu ta tsaya tana kallon kazar Doguwa tana tafiya a hannun mutumin da ko a mafarki ba don shi ta yanka ba.

Da la'asar Kaka ta dawo ta watsa tsaba tana kira. Ta kira, ta zaga gida, ta leƙa maƙwabta, ta sake kira har muryarta ta dushe. Zalihatu ma ta taya ta nema, kuma wannan shi ne abin da ya fi cin ta daga baya. Washegari tsohuwa ba ta tashi ba. Ta juya fuska bango, ta ƙi ko fura.

Shi kuwa Gado, bakinsa ba ya riƙe daɗi. Duk inda ya zauna sai ya ba da labarin kazar da Mushe ya ba shi ranar Juma'a, ɗungurungum, ko fiffike ba a cire ba. Mutane suka haɗa wannan da wancan. Aka ce ai halin 'yan mishan ne, ya sa an kamo masa kazar iska don ya nuna ba komai ba ce.

Baba Rabo, wanda dama bai gama sakin jiki da ɗan mishan ba, ya tare shi a ƙofar lekol.

"Malam, kazar da ka ba Gado, ina ka samo ta?"

Félix ya cire hula. Ya ce, "Baba, ba ni da abin cewa."

"To ni ina da shi. Kada ƙafarka ta sake taka ƙofar gidana. Ɗiyata ba ta aurenka, ko kai kaɗai ka rage a Arewa."

Aka cire Zalihatu daga ajin manya. Kwana tara tana dafa tuwo ba ta iya haɗiyewa. In ta kai wa Kaka kunu, tsohuwa ta riƙe hannunta ta ce, "Ke kaɗai gare ni, ɗiyata," sai ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Kullum da safe takan ce yau za ta faɗa, rana ta faɗi ba ta faɗa ba.

Rana ta goma Gado ya maido kwano. A ƙarƙashin faifan akwai takarda da manyan haruffa, yadda za ta iya karantawa:

"Zalina, sanyin idona. Ga kwanonki, ni na wanke da kaina. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Iyaye sun fara cire 'ya'yansu daga ajina, don haka bayan idinmu za a mai da ni Dumega. Abu ɗaya ne ban gane ba: me ya sa? Ni dambunki nake so. Ki riƙa cin abinci, an ce kin rame. Naki har kullum, Félix."

Sai da ta bi haruffan da yatsa sau uku. Mutum ya yarda ya rasa aikinsa da sunansa da ita kanta, don kawai kada a ce mata ɓarauniya. Ta ninke takardar, ta shiga ɗakin Kaka da rana tsaka, Baba yana zaune a bakin ƙofa yana tufkar igiya. Ta durƙusa.

"Kaka, ni ce. Ni na yanka ta. Mushe bai san komai ba, ko ɗanɗanawa bai yi ba."

Igiya ta faɗi daga hannun Baba. Kaka ta juyo a hankali.

"Don mi?"

"An yi mani gori a rijiya. An ce ganye nake kai masa. Na ji kunya."

Baba ya miƙe a fusace, Kaka ta ɗaga masa hannu ya koma ya zauna. Sannan ta dubi jikarta.

"Kunyar mi kinka ji? Miyata? Shekara goma sha tara ina tsinkar ganye da hannun nan ina rainonki, ba ki taɓa kwana da yunwa ba. Ashe duk wannan lokaci abin kunya nike zuba maki a kwano?"

Da duka aka yi mata da ya fi sauƙi. Zalihatu ta kifa kai a ƙafafun tsohuwa tana kuka, tana cewa, "A'a, Kaka, wallahi a'a."

A yammacin nan Baba Rabo ya sa babbar rigarsa ya tafi lekol. A gaban Gado da duk wanda ke wurin ya ce, "Malam, na zalunce ka. Wanda ya rufa wa ɗiyata asiri tun bai aure ta ba, ban san wa zan ba ta in ba shi ba. Ka turo manyanka."

Yara suka koma aji, maganar Dumega ta mutu. Kaka ma ta tashi, sai dai ba ta koma kamar da ba, kuma ba a sake ganin kaza a gindin rumbun nan ba.

Bayan girbi aka yi biki. Baba ya so ya sayar da damman hatsi ya sayi akuya don a fita kunyar baƙi, Zalihatu ta roƙe shi ya bari. Ita da Kaka suka ɗora tukwane: tuwon gero da miyar kuka, wake da yakuwa, dambu tuli guda. Baƙi suka ci har ana kankare tukunya, Odette ma an gan ta tana ƙari.

Da aka zo ɗaukar amarya, ango yana waje da abokansa yana ta murmushi ba gaira ba dalili, Zalihatu ta durƙusa gaban Kaka ta yi tambayar da ta daɗe tana tsoro.

"Kaka, Doguwa fa? Ba za ta bi ni ɗakin mijina ba?"

Tsohuwa ta gyara mata lulluɓi.

"Ba ta bin ki. Tun ranar da kinka faɗa mani na je na yi magana da ita. Na ce mata ni na yanka."

"Kaka!"

"Yi shiru, kada ki ɓata kwallinki. Ni na tsufa, mun daɗe tare da ita, mu ƙarata. Ke tashi ki bi mijinki. Allah shi ba ku zaman lafiya, shi ba ku ɗiya masu jin ƙanku, shi sa albarka a tukunyarki ko mi kinka zuba a ciki."

Mata suka rangaɗa guɗa, Zalihatu ta fita tana waiwaye har aka sha kwana.