Bashin Gida da Bashin Kwana

Mansura ta sauke tukunyar tuwo, ta kwashe malmala huɗu kamar yadda hannunta ya saba. Sai da ta rufe kula sannan ta tuna yau Juma'a ce, mai cin biyun yana can bisa tirelar shanu, Allah kaɗai ya san ko ya wuce Lakwaja. Ta zauna bakin murhu ta zuba wa kular ido.

Gidan nasu yana ƙarshen sababbin gidajen ma'aikata da ke bayan garin Gumel, ta hanyar Maigatari. Ɗaki biyu da falo, da tsakar gida mai faɗi. Gidan dama ba a tare ba, na hagu kuwa an garƙame shi da kwado tun da aka mayar da mai shi Dutse. In ta yi tari, bango ne ke amsa mata.

Bashi aka ba mijinta Sirajuddeen gidan, za a riƙa yanka a albashinsa duk wata har shekara ashirin, ba ruwa ba ƙari. Abokan aikinsa da suka samu irinsa sun miƙe ƙafa sun bar wata yana bin wata. Shi kuwa ya rantse sai ya gama a shekara biyar. Farkon mako yana aikin malamin gona a Gagarawa, can yake kwana don kada ya ƙona mai. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, sai ya hau tirela ya raka shanun wani Alhaji kudu. Abin da ya samo duka ofishin gidaje yake kaiwa. A da ƙasa ake kora shanu, a yi wata da watanni a hanya, mata su jira. Yanzu an samu mota, amma jiran bai ragu ba.

Ta ɗauki waya ta kira shi.

"Yaya Siraj, ka ci abinci?"

"Na ci burodi. Yi sauri, cajina ya kusa ƙarewa, ga netwok ba kyau!"

"Dama yau na je awo, kuma ɗazu na ji ya motsa, har sau—"

Ƙit! Wayar ta yanke. Ta ɗora hannu a kan cikinta na wata biyar, ta ƙarasa maganar ita da shi.

Ranar Lahadi ya dawo, idanu ja, jiki duk warin shanu. Bai daɗe da zama ba sai ga Iya, mahaifiyarsa, ta sauka daga babur tun daga Ɗanzomo. Mansura ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa da fura.

Iya ta dubi falon sama da ƙasa. Ta ce, "Sirajo, na yi tunani. Kai ba ka kwana a gidan nan, yarinya ɗaya ta tare ɗaki biyu da falo. A zuba 'yan haya, kuɗin ya tafi kan bashi. Ita ta biyo ni Ɗanzomo, ɗakina ya ishe mu."

Mansura ta saci kallon mijinta, tana jiran ya ce a'a. Sai ta ga yana lissafi da yatsu.

"Wallahi Iya kin kawo shawara! Da wannan sai in rage shekara guda cur."

Bayan Iya ta shiga yin salla, Mansura ta matso kusa da shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, gidan da ake biya don a zauna a ciki, shi za a fitar da mu don a biya shi?"

"Na ɗan lokaci ne."

"Haka ka ce da tirela. Kullum kana bizi. In na koma Ɗanzomo, ko daren Lahadin ma na rasa."

"Mansura, ba ki san bashi ba!" Ya faɗa da ƙarfin da bai taɓa yi mata ba. "Ba zan mutu da shi a wuya ba, ko me za a yi!"

Hawaye ya zubo mata. Ta share da bakin mayafi ta ce, "To. Allah ya sa haka ya fi alheri."

Ta shiga ɗaure kaya ita kaɗai. Ta naɗe kwanukanta a tsofaffin zannuwa, tana yi tana hutawa saboda nauyin ciki. Ba ta kai ƙara gidansu ba, ba ta gaya wa kowa ba. In kuka ya zo sai ta kunna rediyo, don ta ji muryar mutum a gidan.

Iya ta aika wa Baffa Cindo, ƙanen marigayi mahaifin Sirajo, ya nemo ɗan haya, tunda shi ya san mutanen Gumel. A Lahadin da ta biyo baya ya zo, ranar Sirajo yana gida, Iya ma ta dawo ɗaukar surukarta. Tsohon ya zauna kan tabarma a tsakar gida, ya jingine sandarsa, ya dubi ƙullin kaya jere a bakin ƙofa.

"Ɗan haya akwai shi. Amma kafin nan, ɗana, wa ke korarka? An ce za a ƙwace gidan?"

"A'a, Baffa."

"An ɗora maka ruwa?"

"A'a."

"To gudun me kake, kamar wanda kura ta biyo?"

Sirajo ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Baffa, kana wurin ranar jana'izar Baba. Ina ɗan shekara goma sha biyu. An ajiye shi, an yi sahu, liman ya juyo ya ce duk mai bin mamaci bashi ya faɗa. Mutum uku suka ɗaga murya, har da wani daga Damagaram. Baba yana kwance a rana, ana ciniki a kansa. Tun ranar na yi alkawari, in aka yi wannan tambaya a kaina, shiru za a ji."

Iya ta ja majina. "Shi ya sa nake tura shi. Kunyar nan ba za ta maimaitu a gidana ba."

Mansura tana bayan labule. Shekararsu uku da aure, yau ta fara jin wannan labari. Tausayinsa ya kama ta har ta manta da nata.

Baffa ya gyaɗa kai. "Ina wurin. Ni ne ma na ce na ɗauka, sannan liman ya tayar da salla. Ka ga ke nan bashin kuɗi yana ɗaukuwa. Naka ma da sauƙi, gidan ne jinginarsa, ko yau ka faɗi ga shi a tsaye zai amsa."

Ya dafa sanda ya miƙe, ya gyara murya irin ta liman.

"Jama'a! Ga Sirajo an ajiye. Duk mai binsa bashi ya faɗa!"

"Subhanallahi!" Iya ta dafe ƙirji. "Malam Cindo, wane irin baki ne wannan?"

"Ba baki ba ne, gwaji ne. Gara a tambaya yana ji. Na ce, akwai mai binsa?"

Tsakar gida ta yi tsit. Sai labule ya motsa.

"Ni."

Duk suka juya. Mansura ta fito ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Baffa, a gafarce ni. Ina binsa hirar bayan la'asar. Ina binsa rakiya asibiti, kowace mace da mai kai ta, ni ɗan adaidaita ne ke ce mini Allah ya raba lafiya. Ina binsa sannu, ranar da zazzaɓi ya kayar da ni a nan wurin na rasa mai miƙo mini ruwa. Ban taɓa tambaya ba, don na ga yana wahala saboda mu."

Baffa ya dubi hagu, ya dubi dama.

"To, wa zai ce ya ɗauka? Ni dai na ɗauki na ubanka, wannan kam ya fi ƙarfina. Irinsa ba ya ɗaukuwa, ɗana. Mai shi ne ke biya, kuma da ransa."

Sai Iya ta fashe da kuka.

"Na huɗun ni ce," in ji ta. "Ranar nan mutum uku suka faɗa, na huɗun tana cikin gida tana takaba. Ubanka ya ƙare ƙuruciyarmu a hanyar fatauci, kullum sai ya gama biyan wane. Na yafe masa, amma ban samu ba." Ta miƙa hannu ta jawo Mansura jikinta. "Kwance kayanki, 'yar nan. Na kusa sa miki zanen da na tsufa a ciki."

Sirajo ya durƙusa gabansu. "Ki yafe mini, Mansura. Daga yau na sauka daga tirela."

"Ban yafe ba," ta ce, tana dariya cikin hawaye. "Biya za ka yi!"

Baffa ya ƙyalƙyale. "Ka ji mai bin bashi na gaskiya!"

Haka aka yi. Ba a zuba ɗan haya ba. Sirajo ya riƙa dawowa daga Gagarawa kullum da yamma. In kaka ta yi kyau ya sayar da riɗin gonarsa, sai ya ɗora ɗan ƙari a kan bashin, in ba ta yi ba ya bar albashi ya yi aikinsa. Ranar da aka haifi Nana Firdausi, yana tsaye a ƙofar ɗakin haihuwa, shi ya yi mata huɗuba. Har yau ana yankan kuɗin gidan duk wata, ba su kuma ji ciwon haka ba.

Ku matasa masu kafa gida, ku riƙe wannan. Saurin biyan bashi alheri ne, babu mai musu, in da hali a rage shi. Amma wanda ya kwashe kwanakin iyalinsa ya biya bashin bango, bai fita daga bashi ba, mai binsa kawai ya sauya. Haƙurin Mansura kuwa bai faɗi ƙasa banza ba, domin ranar da ta yi magana, kalma ɗaya ta ishe ta.