Gawa a Gonar Bi Mboja

Ƙarfe tara na safe teku ya fara janyewa daga gaɓar Jambiani, ƙarfe tara da rabi kuma wata tsohuwa, Bi Mboja, ta tsinci mutum a gonarta.

Gonar ta ciyawar teku ce, igiyoyi a ɗaure jikin turaku, can cikin filin da ruwa ke bari idan ya ja baya. Mutumin ya sarƙe a igiya ta uku, fuskarsa a ƙasa.

Sufeto Mwanaisha Vuai ta iso da takalmin roba, ta naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa. 'Yar garin ce, a irin wannan gonar uwarta ta goye ta. Ta durƙusa ta ɗaga gashin ƙeyar mamacin. Wurin ya lotsa.

"Waye?" ta tambayi Kofur Kombo, wanda ya riga ta zuwa.

"Malam Gaudence, Afande. Cikin malaman makarantar nan goma sha biyu da suka zo hutu daga Mbeya. Jiya da yamma suka kawo rahoton ɓatansa." Afande, haka ake girmama babban ɗan sanda a nan.

"Ruwa ba ya fasa ƙeya haka."

Wayarta ta yi ƙara. Shugaban ofishinsu ne, muryarsa cike da jin daɗi.

"Ki dawo, Sufeto, an gama. Mun kama Pandu mai yawo da baƙi, da hular mamacin a kansa, kuma ya ƙi faɗin inda yake jiya da rana. Ƙarfe biyu mota za ta kai shi birni. Malaman ma ƙarfe biyu za su tashi su cim ma jirgin ruwa. Masu otal sun cika min kunne tun asuba."

Ranta ya ɓaci. Ajinsu ɗaya da Pandu a firamare, ta san shi ciki da bai. Maƙaryaci ne na bugawa a jarida, amma shekara ashirin yana kai baƙi bakin shingen dutse, inda igiyar ruwa ke fashewa, yana dawo da su ko ƙwarzane babu. Idan ya shiga motar nan da tuhumar kisa a wuyansa, sai dai 'ya'yansa su girma ba ya nan. Awa huɗu ke gare ta, kuma ta ƙudurta ba za ta ba da ko minti ɗaya kyauta ba.

Bi Mboja ta ja ta da hannun riga.

"Ke 'yar Vuai, shi wannan za a ɗauke shi, Allah ya ji ƙansa. Ni kuma wa zai dawo min da ɓawona?"

"Wane ɓawo, Bibi?"

"Zo ki gani, tunda idon naki na hukuma ne."

Suka yi tafiyar minti ashirin cikin ruwa iya idon sawu, har kusa da shingen. A nan matan gari ke binne ɓawon kwakwa cikin yashi su danne da duwatsu, sai ya yi wata shida yana jiƙa kafin a tono a murza igiya. Kowace mace ta san tulinta. Na Bi Mboja ya buɗe ta gefe ɗaya, ruwa ya kwashe rabin ɓawon.

"Wata biyar ke nan!" in ji tsohuwar. "Ga dutsen can an yar. Ɗan garin nan ko ya haukace ba zai taɓa tulin mace ba. Uwar Pandun ma ga nata can."

Mwanaisha ta ɗaga dutsen da hannu biyu. Bakinsa mai kaifi ne, faɗinsa ya yi daidai da raunin. A nan ke nan aka buge shi, ruwa ya kwashi gawar zuwa gonar. Ta sa Kombo ya naɗe shi a buhu. Sai idonta ya sauka kan wani abu a gindin tulin: bushiyar teku, baƙar nan mai dogayen ƙayoyi, a murƙushe. Wani ya taka ta da duk nauyinsa.

A ofis ta tarar da Pandu zaune a ƙasa, ankwa a hannunsa.

"Ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga. Tafin kamar tsohuwar taya, amma ko ɗigon ƙaya babu.

"Ina ka samu hular?"

"A kasuwa na saya."

"Da sunan makarantar Mbeya a jiki? Pandu, yau ka ajiye sana'ar nan taka. Kisa ake magana."

"To, a ruwa na tsinta."

"Wane wuri?"

Ya saci kallon bakin ƙofa. Ta sallami ɗan sandan da ke gadi, ta ja kujera.

"Ba kowa sai ni. Ina kake jiya da tsakar rana?"

"Mwanaisha, in na faɗa, na gama yawo a garin nan."

"In ba ka faɗa ba ma ka gama."

Ya sunkuyar da kai. "Kudancin shinge. Ina kamun pweza."

Ta rufe ido. Pweza, kifin nan mai hannu takwas, gari ya haɗu ya hana kama shi a kudancin shinge na wata uku don ya yi girma, an yi alƙawari a gaban dattawa. Pandu kuwa yana cikin kwamitin masu gadin wurin.

"Kai da aka ba tsaro? Kai, Pandu, ba ka da kunya."

"Uku kawai na kama, wallahi."

"Me ka gani?"

"Mutum biyu wajen tulin mata, daga nesa. Na ɓuya bayan dutse kada su gan ni. Da na leƙo sai na ga ɗaya yana komawa gaɓa, yana ɗingishi. Na ɗauka ɗayan ya riga shi. Da ruwa ya fara dawowa hular ta zo wucewa."

"Za ka maimaita wannan a gaban mutane?"

"A gaban dattawa? Gara a kai ni birnin."

"Ka yi tunani. Ƙarfe ɗaya da rabi zan turo a ɗauko ka."

Sha biyu ta gota lokacin da ta shiga masaukin malaman. Suna zaune a rumfa da jakunkunansu a ɗaure, idanun matan sun kumbura. Shugabarsu, Malama Rehema, ta ce jiya kowa ya kama gabansa, wasu kasuwa, wasu wanka.

"Marigayin yana da damuwa?"

"Wata uku ke nan da aka turo mana shi. Shekaranjiya ya ce yana son ganina ranar Litinin, wai maganar takardun wani malami. Na ce ya bari mu huta tukuna." Ta share hawaye. "Da na sani na saurare shi."

"Wa ya fi kusa da shi?"

"Malam Erasto. Ƙauyensu ɗaya."

Malam Erasto dogo ne mai furfura a gefen kai, malamin lissafi. Yana zaune a ƙarshen rumfar, cikin wannan zafin da ya sa kowa silifa, shi yana sanye da takalmi sau-ciki da safa.

"Malam, ina kake jiya da rana?"

"A ɗaki, Afande. Ciki ya ɗaure ni tun safe. Ni tun da muka zo ban taka yashin nan ba, ruwa ba ya burge ni."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Ki tambayi kowa."

"Allah ya sawwaƙe. Ka sha magani?"

"Na sha, na gode."

Ta lura bai miƙe ba da ta zo, bai miƙe ba da za ta tafi, alhali sauran duk sun miƙe. Ta zagaya ta baya zuwa kicin, inda dattijon da ke dafa abinci, Mzee Faki, ke kankare kwakwa.

"Mzee, akwai baƙon da bai ci abinci ba jiya?"

"Wa? Mutanen Mbeya? Har ƙanzon tukunya ba su bari ba."

"An ce ɗaya yana ciwon ciki."

"Dogon nan? Shinkafa faranti biyu ya ci da yamma. Shi ne dai ya zo wajen ƙarfe biyu ya ce in ba shi ɗanyen gwanda da lemun tsami, wai na ciki. Na ce Malam, mai ciwon ciki nunanne ake ba shi. Ya ce shi ɗanye yake so. Na tsinko masa, ni ina ruwana."

Nan take Mwanaisha ta gane. Duk yaron Jambiani ya san amfanin farin ruwan ɗanyen gwanda: shi ake ɗigawa a kan ƙayar bushiyar teku don ta narke. Duk mai yawo da baƙi kuma yakan faɗa musu haka ranar farko. Ta kira Kombo ta ce ya ɗauko Pandu, ya kuma tsaya wa direban malaman a gaba.

Biyu saura kwata ana loda jakunkuna. Motar birni ta tsaya a ƙofa da Pandu a ciki, shugaban ofis a gaba yana duba agogo. Labari ya zaga, mutanen gari sun cika bakin hanya, har da dattawa biyu na kwamiti.

Aka sauko da Pandu. Ya dubi dattawan, ya dubi motar.

"Jiya ina kudancin shinge ina satar pweza," ya ce da ƙarfi. "Na ci amana, ku yi min hukuncin da kuka ga dama. Amma na ga mutum biyu wajen tulin mata, ɗaya ya dawo yana ɗingishi."

Wurin ya kaure da surutu. Mwanaisha ta juya.

"Malam Erasto, cire takalminka."

"Afande, wannan cin mutunci ne. Ni malami ne, shekara goma sha tara..."

"Ka ce ba ka taɓa taka yashi ba. In haka ne, a gaban kowa zan ba ka haƙuri. Cire."

Ya zauna a kan jakarsa. Ya kwance igiyar takalmin. Safar ta manne, sai da Kombo ya taimaka. Tafin ƙafar dama ya kumbura, cike da baƙaƙen ɗigo fiye da ashirin.

"Bushiyar teku ba ta zuwa ɗakin otal, Malam, ko bakin gaɓa ba ta zuwa. Sai an yi tafiyar minti ashirin. Wadda ka taka tana nan a gindin tulin da ka ɗauki dutse."

Ya dubi ƙafar. Da ya yi magana, muryar ta fito a hankali.

"Erasto yayana ne. Ya rasu wata biyu bayan ya gama kwalejin malamai. Ni ban wuce aji huɗu na sakandare ba, ga uwa, ga ƙanne. Na ɗauki takardarsa na tafi inda ba a san mu ba. Gaudence yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa zuwa kabari." Ya share fuska. "Na ja shi can don in roƙe shi ba mai ji. Na durƙusa masa a cikin ruwa. Ya ce Litinin zai faɗa. Ya juya min baya, ni kuma ga dutse a gabana."

Malama Rehema ta toshe baki da gyalenta. Mwanaisha ta ji tausayinsa ya taso mata, ta danne, don akwai matar da za a kira a Mbeya yau a ce mijinta ba zai dawo ba.

Ta buɗe littafinta. "Sunanka na gaskiya?"

"Yohana. Tun ranar ba wanda ya kira ni da shi."

"Yohana, na kama ka da laifin kashe Malam Gaudence. Kofur, ankwa."

Kombo ya shafa ɗamararsa, ya dubi shugaban ofis. "Afande, guda ɗaya muka fito da ita."

Mwanaisha ta karɓi makullin da kanta. Ta kama hannun Pandu ta buɗe ankwar, ta juya ta ɗaura wa Yohana tun ƙarfen bai huce ba. Aka tallabe shi zuwa motar birni, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannun Kombo.

Pandu ya tsaya yana murza wuyan hannunsa. Dattawan biyu na jiransa a bakin hanya, fuska ba annuri. Bai jira an kira shi ba, ya sunkuyar da kai ya nufe su da ƙafarsa.